Buhu Goma na Albasa

Litinin, da yamma

An rufe makaranta. Shugabarmu ta tara mu a ofis ta ce kowa ya tafi gida sai an neme shi, ba ta kuma faɗi ranar neman ba. Na kwaso allina na fito. Shekara tara ina koya wa 'ya'yan mutane Turanci, yau ga ni zaune a tsakar gida ina kallon Umma tana wanki, ita kuma tana hararata kamar ni na rufe makarantar.

Tun da rikicin nan ya fara aka sa shinge a bakin gada. Kasuwa da asibiti duk suna ƙetare, mu muna nan gefe da baki a buɗe, duk abin da za mu ci sai ya hayo gadar nan a bayan motar wani. Baba yana cikin masu hayowa da shi, da tsohuwar motarsa ta kaya wadda ta girme ni. Sojojin da aka kawo shingen ba 'yan nan ba ne. Ba sa jin yarenmu, Turanci kawai suke yi, shi ma da ihu.

Na ce wa Baba ya ajiye mota har abin ya lafa. Ya ce, "Uwata, in na ajiye, ke za ki ɗauko wa unguwa gari a ka?" Haka yake kirana tun ina rarrafe, in ya so zolaya kuma ya ce Malama. Kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa, amma in maganar ajiye mota ce, na daman ma ba ya aiki.

Laraba, da rana

Sun fasa wa Dogo kunne. Dogo direba ne a tasharsu Baba, mutum ne da ko kaza ta shiga gabansa sai ya taka birki ya ba ta haƙuri. Soja ya tambaye shi abin da ke cikin motarsa, shi kuma bai gane ba, sai ya yi ta murmushi yana gyaɗa kai. Sojan ya maimaita, ya sake maimaitawa, na ukun da gindin bindiga ya yi.

Baba ne ya kawo shi gidanmu jina-jina. Umma ta zaunar da shi a bakin famfo tana wanke masa wuya, kunnen yana reto da 'yar fata. Dogo sai cewa yake, "Wallahi da na san abin da yake so, da na ba shi."

Raina ya ɓaci. Tambayar da 'yan aji ɗaya ke amsawa suna jan majina, ita za a kashe magidanci a kanta.

Alhamis, da safe

Ciyaman na direbobi ya zo, ya cire hula ya zauna a kan benci yana ta juya ta a hannu. Ya ce, "Malama, ba mu ce ki mai da mu Turawa ba. Ki dai sa mana a baki abin da za mu ce in an tambaye mu kayan da ke mota. Jiya Dogo, shekaranjiya mutum biyu."

Baba ya ce 'yarsa ba za ta tsaya a gaban ƙartin tasha ba, ya san bakinsu. Ciyaman ya ce ai kai ne babban ƙaton. Na ce zan zo. Baba ya kalle ni, ya kalli Umma, Umma ta ci gaba da shanya.

Asabar, da yamma

Na yi aji a garejin tasha. Babu allo, sai aka jingina mini ƙofar wata matacciyar mota, baƙa, alli na kama ta sarai. Mutum kusan ashirin, wasu a kan tayoyi, wasu a tsugune, ko'ina warin baƙin mai. Baba ya zauna can baya ya naɗe hannu, wai shi rakiya ya zo.

Na ce musu abin ba shi da wuya. In abu ɗaya ne a wuri ka ce there is, in suna da yawa ka ce there are, in babu ka ce there is no. Na waiga ina neman misali, sai ga wata mota a tsaye da buhu goma na albasa da taya ɗaya a baya. Na rubuta su yadda suke, na ƙara da cewa babu bindiga, tunda ita ake nema. Na faɗa, suka maimaita. Na buga ƙofar da alli suna bin bugun, kamar yadda nake yi da yara. Da farko kunya ta hana su, daga baya sai da makanikai suka ajiye sifana suka zo kallo.

Can na ji wata murya ta fi ta kowa, kuma ta fi ta kowa karkacewa: "Deya a ten bagis of oniyan! Deya is wan taya! Deya is no gan!" Mai rakiya ne. Na ce, "Na baya can, a rage ihu." Ya ce, "Malama, a yi haƙuri, kunne ne."

Niyyata in sun riƙe wannan, kowa ya tashi ya cire albasa ya sa nasa kayan, mai siminti ya ce siminti, mai katifa ya ce katifa. Rabin darasin ke nan, kuma shi ne mai amfanin. Ban kai can ba. Aka fara harbi ta bayan tasha, kusa sosai, har kwanon rufi na amsawa. Kowa ya kama gabansa. Baba ya fizgi hannuna muka bi ta lungu, ina jin yana haki yana kuma ƙunƙunin albasarsa.

Lahadi, da rana

Ba mu fita ba. Har yanzu ana yi.

Litinin, da yamma

Baba ya dawo yana taku ɗai-ɗai, ya jefa wa Umma makullin mota ya ce ta riƙe wa Bature. Wai da sojan ya buɗe baki, shi kuma ya zuba masa duka ukun ba numfashi. Sojan ya tsaya sororo, ya kira ɗan'uwansa, suka sa shi ya sake, suka yi ta dariya, suka ɗaga masa shinge har da sara masa. Duk direbobin da suka zo aji sun wuce lafiya, ba wanda aka taɓa.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Har na fara jin kaina. Sai na ce, "Baba, me ka ɗauko yau?"

"Katifu."

"Me ka ce musu?"

"Albasa mana. Wani abu kika koya mini bayan ita?"

Gabana ya faɗi. Shi kuwa ya wuce banɗaki yana rera ta.

Talata, da yamma

Na koma gareji, mutum shida na tarar. Sauran sun ce sun gama karatu. Na rubuta sunan siminti da katifa da kananzir da gari, na ce kowa ya sa nasa. Ciyaman ya ja ni gefe ya ce, "Malama, waccan ta buɗe mana hanya, kada ki rikita mana su. Sojojin nan ba sa dubawa, dariya suke so."

Na ce ranar da suka duba fa? Na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata a yi wa sa'an ubana, na ce ƙarya kuke yi wa masu bindiga, kuma ƙarya iri ɗaya, da waƙa iri ɗaya. Ya ce ba ƙarya ba ce, gaisuwa ce.

Dogo ne kaɗai ya dage, da kansa a naɗe da bandeji. Ya faɗi siminti daidai har sau biyar. Sai na daka masa tsawa ba zato, irin ta soja, nan take ya zabura ya ce albasa. Ya yi dariya, ni ban yi ba. Ya ce, "Kin gani ko, Malama? A gaban bindiga abin da ya zauna a baki shi ke fitowa."

Laraba, da safe

Sojoji sun zo layinmu. Mai shagon kusurwa suka fito da shi, suka ja shi a ƙasa ta ƙafa ɗaya, kansa na bugun dakalin kowane gida. Matarsa ta bi su da takalminsa a hannu. Abin da aka yi a bakin kwata na gani ta tagar ɗakina, ba zan rubuta ba. Umma ta zuba ruwa bokiti uku a wurin, ƙudaje ba su tafi ba.

Alhamis, da yamma

Na tsare Baba yana cin abinci. Na ce gobe me za ka ɗauka? Ya ce jarkokin man girki. Na faɗa masa yadda zai ce, na maimaita, na riƙe masa cokali na ce ba loma sai ya faɗa. Ya juyo mini da mataccen kunnen ya ce, "Yi magana ta nan, Uwata, nan ne ofishin koke-koke."

Umma ta yi dariya, rabon da in ji dariyarta har na manta. Ni kuwa kuka ne ya zo mini, na tashi na shiga ɗaki don kada su gani. Ya biyo ni bakin ƙofa ya ce jibi zai koya, wallahi jibi, gobe dai a bar shi da albasarsa.

Juma'a, da yamma

Bai dawo ba. Babu motar da ta hayo gada tun rana. Waya ba ta shiga, an katse layi tun makon jiya. Umma tana bakin ƙofa.

Asabar, da safe

Ciyaman ya zo. Motarsa tana can baya a layi jiya, ya ga komai kafin ya yi ribas ya gudu.

An canza babban sojan shingen. Sabon wani siriri ne mai tabarau, ba ya ihu, ba ya dariya. Motar farko ta ce albasa, ya sa aka ɗaga tamfol, siminti. Ta biyu ta ce albasa, kwanon rufi. Ya sa su gefe, ya ci gaba da saurare har mota bakwai, duk buhu goma, duk taya ɗaya, duk babu bindiga, duk da waƙa ɗaya. Baba ne na biyar.

Aka kwantar da su a kan kwalta da tsakar rana, rigunansu a cire. Da wayar lantarki aka fara dukansu, aka koma takalmi. Aka farke buhuna, aka huda jarkokin Baba, mai ya malale har ƙarƙashin waɗanda ke kwance. Dogo ya miƙe. Ciyaman ya ce yana jin so yake ya gyara maganarsa, don yana ta nuna motarsa yana cewa siminti, siminti, da Turanci, daidai yadda na koya masa. Ya taka zuwa wajen motar. Suka harbe shi a baya, sau biyu. Yana nan a kan gadar har yanzu, sun hana a ɗauka.

Sauran an ja su cikin tsohon gidan man da ke gefen shingen. Ciyaman ya ce ya ga Baba yana tafiya da ƙafarsa. Ya faɗa mini haka har sau uku, shi ya sa ban yarda ba.

Lahadi, da rana

Ni na zaɓi albasar. Da na waiga hagu, da wata motar na gani.

Litinin, da yamma

Sun sako mutum ɗaya, wanda ake ce wa Gwani. Yatsun hannunsa na dama duk sun kalli inda ba nan ba. Ya zauna a zaurenmu yana riƙe da hannun a ƙirji, ya ce duk dukan da ake yi tambaya ɗaya ce, kuma kalma ɗaya ya gane a ciki, ticha. Mai Tabarau ya tabbata wani ne ya shirya su su rufe wani abu, shi yake nema. An sako Gwani ne ya zo ya faɗa.

Na ce wa ya faɗi sunana? Ya ce babu. Ya ce daren farko Baba ya ce musu duk wanda ya ambaci 'yarsa bai yafe ba duniya da lahira. Na ce yaya yake? Gwani ya kalli Umma, ya kalli ƙasa, ya ce yana nan.

Na ɗauki mayafina. Umma ta riga ni bakin ƙofa ta tsaya, ta ce, "Na rasa ɗaya, ba zan rasa biyu ba." Na ce ba ki rasa kowa ba tukuna, ki daina yi masa mugun fata. Ban taɓa yi mata magana haka ba. Ciyaman ma ya ce in na je za su haɗa ni da shi ne kawai, in bari manya su nemi hanya. Na tambaye shi waɗanne manyan.

Talata, da safe

Ban tafi ba. Umma ta ɓoye takalmana, ni kuma ban nema da gaske ba.

Laraba, da rana

Yau ma ban tafi ba. Tsoro nake ji, shi ke nan, ba wani dalili. Masu gidajen kusa da gada sun ce ana jin ihu daga gidan man, kuma muryoyin suna raguwa.

Alhamis, da yamma

Na tafi. Da silifas ɗin banɗaki na fita, Umma tana bayan gida.

Tun daga nesa na ɗaga hannuwa sama ina cewa da Turanci ni ce malamar. Wani soja ya tura ni da bakin bindiga har cikin gidan man. An ɗauke Dogo daga kan gada, amma wurin ya yi baƙi, na bi ta gefensa. Motar Baba tana nan ba gilashi ko ɗaya.

Mai Tabarau yana zaune a kujerar roba tsakanin famfunan mai, yana shan ruwa. Ya ce in zauna, ban zauna ba. Na faɗa masa komai, makarantar da aka rufe, kunnen Dogo, ƙofar motar, albasar da ta tsaya a gabana, harbin da ya yanke darasi. Na ce mutanen nan ba su san ma'anar rabin abin da suke faɗa ba, tsoron duka ne ya sa suka haddace. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce labarin ya yi daɗi, yanzu in nuna masa. A fito da su, kowa ya faɗi karatunsa shi kaɗai. Wanda ya faɗa ɗalibina ne, ya tafi. Wanda bai faɗa ba, shi da su.

Aka fito da mutum biyar daga ɗakin da ake canza mai. Warin ya riga su fitowa. Baba ne na ƙarshe, biyu suna riƙe da shi. Na kalle shi, ya kau da kai kamar bai taɓa ganina ba. Haushi ya kama ni, na ce a raina ko a nan ma taurin kan ne. Sai ya juyo, na ga bakinsa. Haɓar ta sauka gefe ɗaya, ba ta rufuwa, jini da miyau suna bin wuyansa, haƙoran gaba babu. Sun karya masa muƙamuƙi. Ko sunansa ba zai iya faɗa ba.

Ban san inda na samo muryar ba. Na ce wa Mai Tabarau a ajina ba a karatu ɗaya-ɗaya, tare na koya musu, tare kawai suka iya, in yana son ganin abin da ya faru sai ya bar ni in yi yadda na saba. Ya ɗaga kafaɗa. Na jera su, uku a gaba, biyu a baya, Baba a bayan mafi faɗin kafaɗa. Duk malami ya san in aji na karatu baki ɗaya ba a gane wanda ya yi shiru. Na ce musu da yarenmu, da muryar tsawa kamar ina gyara layi, "Ku ɗaga murya ku rufe shi. Baba, ka motsa kai kawai."

Na buga famfon mai da tafin hannu, suka ɗauka. Mutum huɗu masu fasassun leɓɓa suna ihun buhu goma na albasa, Baba yana gyaɗa kai a baya yana bin bugun. Sojoji suka taru suna dariya har da riƙe ciki. Suka ce a sake. Aka sake. Suka ce a yi ana tsalle. Ana cikin tsallen ƙafar Baba ta saki, ya zube, wani soja ya sa takalmi ya zuba masa a haƙarƙari, ya ƙara, na ji ƙarar daga inda nake. Ban daina buga famfon ba. Da na daina, da an ji wanda ba ya karatu. Na yi ta bugawa har sai da Mai Tabarau ya ɗaga hannu.

Ya ce su tafi. Ni kuma daga gobe in zo shinge kullum da safe in yi musu tafinta har a rufe hanya, tunda na iya koyarwa. Ranar da ban zo ba, zai sa a kwaso masa ɗalibaina, ya san fuskokinsu.

Ciyaman ashe ya biyo ni, yana laɓe a bayan layi. Shi ya sa Baba a motarsa zuwa asibiti. Da ana ɗaga shi ya kama wuyan hannuna ya matse, yana girgiza kai, yana wani sauti a maƙogwaro. Na ce, "Na ji, Baba, in ka warke ka yi mini faɗan." Da na dawo na tarar da Umma a ɗaki. Ta haɗa kaya a leda, gobe za ta bi shi.

Asabar, da yamma

Ina tsayawa a gefen tagar direba, soja a bayana. Shi ya tambaya, ni in juya, direba ya amsa, in mayar. An rage duka, wannan gaskiya ne. Amma yau wani ya ce buhu shida, aka ƙirga bakwai, kuma da bakina aka ji shidan. Sun sa kansa a ƙofar mota sun rufe. Wata mata a bayan motar ta tofa mini miyau a mayafi, ta ce 'yar sojoji. Ban goge ba sai da suka wuce.

Direbobin da ke dawowa daga ƙetare suna kawo mini labari a cikin lissafin kaya. Ɗaya ya ce, "Gari buhu huɗu, an ɗaure masa haɓa, sabulu katan biyu." Na juya wa soja gari da sabulu.

Litinin, da yamma

Ya sha ruwa da cokali. Ya nuna wa Umma da hannu wai ina motarsa.

Laraba, da yamma

Zazzaɓi, in ji direban safe. Na rana ya ce numfashin ne ke ba shi wuya, likita ya ce haƙarƙarin ya taɓa wani abu a ciki. Na roƙi Mai Tabarau ya bar ni in ƙetara ko na awa ɗaya. Ya ce in layi ya ƙare. Layi ba ya ƙarewa sai dokar hana fita ta shiga, ya sani, na sani.

Gidan ya yi mini girma. Ina kwana a ɗakin Umma.

Alhamis, da yamma

Yau ba wanda ya sa mini komai a cikin lissafi. Gari, mai, sabulu, su ja mota. Na tambayi biyu kai tsaye, suka ce ba su bi ta asibiti ba.

Juma'a, da yamma

Motar Ciyaman ta shigo layi da hantsi. Na hango ta tun tana tsakiyar gada, na hango Umma a gaba, na ce a raina an sallame su. Har na fara shirya abin da zan ce masa a kan jibin da ya yi mini alkawari. Motoci uku ne a gabansu, na yi ta sauri ina juya magana don su iso.

Da suka iso Ciyaman ya sauke gilashi. Umma tana kallon gabanta, hannuwanta a cinya, ledar kayan a ƙafarta. Kujerar baya ba kowa. A bayan motar an shimfiɗa bargonmu mai ratsin kore, an ɗaure gefensa da igiya don kada iska ta ɗaga.

Sojan ya yi tambayarsa. Na juya ta, don bakina ya saba, na ce, "Ciyaman, me ke cikin motar?"

Ya ce, "Malama, Baba ne. Da asuba."

Sojan ya taɓa ni da bakin bindiga a kafaɗa, yana jira. Na faɗa masa da Turanci, abu ɗaya ne, na sa shi yadda ake sa abu ɗaya, ban yi kuskure ba. Ya zagaya baya, ya ɗaga bargon da bakin bindigar, ya duba, ya ga gaskiya na faɗa. Ya buga jikin motar ya ce su wuce.

Na bi su taku biyu, ya kira ni. Akwai motoci a baya, sai da na gama da su.